Marigayiya a Cikin Kabad

A ɗauka ta goma sha ɗaya ma yaron ya tuntsire da dariya. Darakta ya cire hularsa ya kife a fuska, ya ce a tsaya.

Tela, mai ɗinkin unguwa, tana zaune a benci na uku na zauren ƙwallon kwando, da kwanon abinci a cinyarta, tana kallon ɗanta yana dariya a gaban hotonta. Fim ake yi, na wani maraya da ba shi da kowa a duniya sai ƙwallo, kuma ɗanta aka ba matsayin marayan. Shekarunsa sha biyar. Tun yana sha biyu unguwa ke kiransa Falwaya saboda tsawonsa, duk wata uku sai ta warware ƙafar wandonsa ta ƙara ƙyalle. Ban da canza ƙwan fitila a gidajen maƙwabta, tsawon nan bai taɓa yi masa rana ba, sai da masu fim suka gan shi yana jefa ƙwallo a filin makaranta. Tun daga ranar ya daina tafiya a duƙe.

Labarin yana buƙatar hoton uwar da ta mutu. Mai kula da kaya ta ce babu wadda ta yi kama da yaron kamar uwarsa, sai aka karɓi hoton katin shaidar Tela, aka ƙara masa girma, aka manna a cikin kabad ɗin 'yan wasa. Shi ke nan kowa ya koma kiranta Marigayiya. Mai kyamara kan tambayi Marigayiya ko ta tashi lafiya. Mai fitilu ya kawo wa Marigayiya rigarsa ta gyara masa aljihu. A makon farko ta ɓata rai, a na biyu ta fara amsawa.

Aikin yau ba shi da yawa. Kafin wasan ƙarshe maraya zai buɗe kabad, ya dubi hoton, ya ce yau zai ci mata wasa, sannan ya yi kuka. Jefa ƙwallon an gama da shi tun safe, sau ashirin ya jefa, sau sha tara ta shiga. Kukan ne ya gagara. Ranar da aka ɗauki hoton nan Falwaya yana wurin, ya san cewa faɗa take yi da mai hoto a kan layi, shi ya sa ido ɗaya ya fito a kanne, baki a buɗe.

An gwada albasa. An shafa masa man zafi a ƙasan ido. Hawaye suka zubo, bakin kuma bai daina dariya ba, darakta ya ce ya yi kama da wanda ake yi wa cakulkuli a gidan makoki. Aka roƙi Marigayiya ta ɗan fita, ko ganinta da rai ne ke ɓata aikin. Ta zauna a baranda minti ashirin tana jin dariyar ta ƙofa, ta dawo.

A bencin farko akwai wani ɗan fim da ake kira Mai Hawaye, wanda aka ajiye saboda irin wannan rana. Shekarunsa talatin da ɗaya, 'ya'yansa uku, ya aske gemu tun jiya. Idan aka ce ya yi kuka, tambaya yake da wane ido. Kansa a hammatar Falwaya yake tsayawa, kuma bai taɓa riƙe ƙwallo ba, amma darakta ya ce wannan mai sauƙi ne, sai a sauko da kwandon. Har mutum biyu sun hau tsani da sufana.

“Ɗauka ɗaya ta rage,” in ji darakta. “In ya ƙara dariya, a kwance kwandon, a ba wancan rigar.”

Tela ta dubi ɗanta. Yana murmushi har kunne. Ta san wannan murmushin. Shi yake yi a gaban allura, shi ya yi a ofishin shugaban makaranta. In tsoro ya kama shi dariya yake yi, halin ubansa ne sak.

Ta ajiye kwanon ta sauko. Ta tambayi darakta ina kyamara take kallo. Ya nuna mata: an cire bayan kabad ɗin, kyamara tana leƙowa ta ciki, fuskar yaron kawai take ɗauka. Hoton ma ba ya fitowa a wannan karon. Ta ce to a ɓare shi, ita za ta tsaya a wurin. Darakta ya ce ba zai yiwu ba, Marigayiya ba ta cikin wannan fitowar.

“Mako uku ke nan da mutuwata,” ta ce, “ba wanda ya hana ni gyaran aljihu.”

Mai kyamara ya matsa mata. Ta cusa kanta ta bayan kabad, tsakanin takalmi da tawul mai warin gumi. Aka yi shiru, aka ce a fara.

Falwaya ya buɗe ƙofar, ya ga fuskar uwarsa a kan kantar kabad ɗin, ido biyu a buɗe. Kumatunsa suka fara motsi.

“Jiya na ɗinke katifarka,” ta ce a hankali.

Kumatun suka tsaya.

“Na ga takardar jarrabawar da ka ɓoye a ciki. Lissafi, sha huɗu cikin ɗari. Na kuma ga sa hannun babanka, wanda babanka bai sa ba. Ban gaya masa ba tukuna. Da yamma zai dawo.”

Fuskarsa ta yamutse. Hawayen suka zo ta ido biyu lokaci guda, har da majina. Ya rungume ƙwallon a ƙirji.

“Mama, ki yafe mini,” ya ce. “Ba zan ƙara ba. Mama, kada ki yi mini haka.”

Ba abin da aka rubuta ba ke nan, amma darakta bai tsayar ba sai da aka yi minti biyu. Ya ce a yanke muryar Marigayiya, a bar sauran yadda yake, marubucin ma bai kai nan ba. Mai fitilu yana share ido da aljihun da aka gyara masa. Masu sufana suka sauko daga tsani. Mai Hawaye ya zo ya tambayi Tela a wace makaranta yaron ya koyi sana'ar, ta ce a gida.

Ta buɗe kwanon ta miƙa wa ɗanta cokali. Yana ci yana jan hanci. Ya tambaye ta, ƙasa-ƙasa, ko da gaske za ta gaya wa Baba. Ta ce ya ci abinci, za ta ga yadda fim ɗin ya tafi.

Darakta ya zo ya tsuguna kusa da ita da takardunsa. Ya ce akwai sauran kuka uku a labarin, ko tana da abin da zai isa. Tela ta yi tunanin almakashinta da aka yanka waya da shi, da gilashin tagar maƙwabta, da wasiƙar da ta tsinta a aljihun wando zuwa ga 'yar mai kantin magani. Ta ce tana da na huɗu.

Ya ce na gaba ranar Alhamis ne, a bakin kabari. Kyamara za ta kasance a cikin ramin.

“A shimfiɗa mini tabarma a ciki,” ta ce. “Ina da ciwon baya.”