Shafin Guguwa

"Kai ma rubuta," in ji Tela, ta cusa wa Bakanike wayarsa tun bai goge baƙin man hannunsa ba. "Ka ce a bari. Ba zai rage ka da komai ba."

"A bar me, Anti?"

"Shafin mijina! Kai ina kunnenka yake tun safe?"

Tun hantsi take hawa da sauka a benen gidan hayar, tef ɗin awo a wuya, takalmi wari da wari. Mijinta Guguwa ɗan faɗan keji ne, irin faɗan nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mata shi ne shafinsa a kundin ilimi na intanet, da hotonsa an ɗaga masa hannu, leɓe a fashe, yana dariya. Maƙwabcinta na ƙasa ne ya rubuta shi, tsohon alƙalin wasan, wanda kowa ke kira Alƙali. Yanzu wani da ba ta sani ba ya ce a goge shafin, an buɗe tattaunawa, Alƙali kuwa yana kwance, ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa.

To ita ba ta iya zama ba. Ta sa mai shago ya buɗe suna a kundin ya rubuta, ta sa matar direba, ta tare mai kawo ruwa a ƙofa. Mai aski ma har ƙari ya yi: "A bari. Ni nake masa aski, wuyansa kamar turmi."

Da ta gama da Bakanike ta faɗa ɗakin Alƙali, sallama a baki, ƙafa a ciki. Ɗakin na warin magani. Fanka na juyawa tana ƙara, kwalabe sun cika bakin taga, an jingina shi da matasai don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Autarsa, wadda ta baro aikinta don jinyarsa, tana matsa masa ƙafafun da suka kumbura.

"Baba, ka kwantar da hankalinka, na gama da su. Duk gidan nan sun ce a bari."

"Duk gidan?" Ya buɗe ido. "Auta, karanta min."

Auta ta karanta. Da ta kai kan wuya kamar turmi, dariya ta kama shi, ta koma tari, sai da aka ba shi ruwa.

"Maƙwabciya, kin kashe ni. Can ba kawuna ake ƙirgawa ba, hujja ake dubawa. Sababbin sunaye, rana ɗaya, magana iri ɗaya. Za su ce ni na turo ku."

"To ƙarya suka faɗa? Kai ka ɗaga hannunsa a hoton nan!"

"Ni ne. Amma dokar ta ce ko dai mutum ya yi faɗa a manyan gasa, ko jaridun da ba ruwansu da shi sun yi dogon rubutu a kansa. Guguwa a ƙananan zaure ya yi nasa. Jarida ɗaya na samu, ita ma 'yan layuka."

"To don me ka rubuta tun farko?"

"Na ɗauka zan samo sauran. Ƙafa ta ƙi." Ya numfasa. "Da wannan dokar na sa aka goge shafukan 'ya'yan mutane da yawa. Su ma suna da mata."

Ya ce Auta ta rubuta da sunansa. Yana faɗa yana hutawa: waɗannan maƙwabtansa ne, da zuciya ɗaya suka zo, kada a lissafa maganarsu, kada kuma a hukunta su. Ra'ayinsa shi ne a haɗe shafin da wani, a kai sunan Guguwa babban shafin tarihin wasan, gwargwadon abin da jaridar ta faɗa.

"Hoton fa?" in ji Tela.

Ya juya kai wajen taga.

"Baba, hoton fa nake tambaya."

"Ba zai bi shi ba."

Tela ta miƙe. "Sau ɗaya aka binne shi, kai ka ƙara na biyu. Allah ya ba ka lafiya."

"Anti, don Allah," in ji Auta. Amma ta riga ta kai matakala.

A sama ta hau keken ɗinki kamar da shi take faɗa. Ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, allura ta karye. Ta leƙa taga, ta dawo, ta buɗe shafin, ga Guguwa nan yana dariya, da jan rubutun neman gogewa a saman kansa. Washegari ta zuba abinci a kwano ta sauka har bakin ƙofar Alƙali. Ta ji tarinsa, ta ji Auta na cewa sannu Baba, sai zuciya ta taso mata, ta miƙa wa matar direba kwanon ta koma. Ta ce gobe. Goben ma ta ce sai da yamma, in ta huce.

Tana guga bayan azahar ta ji kukan Auta ya ratso bene. Ko dutsen gugar ba ta kashe ba.

Kafin ta isa an rufe masa fuska. An kashe fankar, ɗakin ya yi tsit. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa ta saman mayafi, ba ta san me take faɗa ba.

Bayan an kai shi, gida ya cika da masu gaisuwa. Tela ta kasa zama a ciki, ta kasa hawa sama, ta zauna a matakala. Auta ta fito, idanu jawur, ta zauna kusa da ita.

"Ya tambaye ni?"

"Ya tambaya. Ya ce a bar ki, da gaskiyarki." Ta fyace hanci. "Masu kundin sun rufe maganar ɗazu, Anti. Sun bi ra'ayinsa. Layin da aka sa kan mijinki ma shi ya faɗa min jiya, sai da ya sa na gyara har ya gamsu."

Auta ta ba ta wayarta. Shafi ne dogo, sunaye birjik, ba fuskar da ta sani. Auta ta ja shi ƙasa, ta nuna mata wurin. Tela ba ta da saurin karatu. Ta ɗora yatsa tana bi, leɓenta na motsi: Guguwa na cikin waɗanda suka fara koyar da wasan kyauta, a wani tsohon gareji.

"Rufin garejin yoyo yake," ta ce. "Ni nake kai musu bokiti."

Auta ta kwantar da kai a kafaɗarta. Wasu baƙi suka fito daga ɗakin, suka tsaya suna laluben takalmansu a cikin tarin da ke bakin ƙofa, su biyun suka janye ƙafafu suka ba su hanya.