Ranar da Kowa Ya Zo

Audugar na fara gani, 'yar ƙarama, manne da filasta a gwiwar hannunta, lokacin da ta miƙo mini tikitinta ta saman kantar da nake aiki. Alamar ba a daɗe da ɗibar jininta ba. Kayanta jaka ce guda, ƙarama, ko sikeli ba ta buƙata.

"Jirgin safe ne nawa," ta ce. "An ce an mayar da mu na rana."

"Haka ne, Anti."

"To don Allah kada a bar ni. Gobe da sassafe za a yi mana aiki ni da ƙanena, ƙoda zan ba shi. Likita ya ce lallai in kwana asibiti yau."

Ta faɗa a hankali, kamar mai cewa za ta leƙa kasuwa ta dawo. Na dubi kwamfuta. Kujeru sun ƙare, layi kuwa har bakin ƙofar waje.

Kawuna ne manajan kamfaninmu a wannan filin jirgin, shi ya samo mini aikin bayan na gama jami'a na gaji da zaman gida. Tun farkon shekara babban ofis ke hura masa wuta: jiragenmu na tashi rabi babu kowa, in ba su cika ba za a rufe hanyar, a sallame mu gaba ɗaya. Sai ya ɓullo da dabara. In ya ga na safe bai cika ba, sai a ce an samu matsala, a soke shi, a haɗa mutanensa da na rana. Kullum akwai masu fasawa, akwai masu makara, sai jirgi ya tashi a cike, babban ofis ya aiko da yabo. "Ɗan Adam ba ya cika alkawari," in ji Kawu, "da wannan muke cin abinci."

Ranar nan kowa ya zo.

Abokin aikina na kanta ta gefe, wanda muke kira Rediyo don bakinsa ba ya hutawa, ya karkato ya ce, "Kawunki ya gayyato gari guda a kan tukunya ɗaya. Ni dai na ɗaure igiyar takalmina, ke fa?"

Akwai kujera guda da Kawu ke ɓoyewa saboda manya. Na buɗe ta, na sa sunan matar, na tura mata katin shiga jirgi a ƙarƙashin tikitinta.

"Kada ki nuna wa kowa," na raɗa mata. "Ki wuce ciki yanzu."

Ba ta kai ga ƙofar ba. Wani dogon mutum mai faɗin ƙirji, wanda ke bayanta a layi kuma ya ji maganar ƙodar, ya riga ta isa. Ashe Rediyo ya riga ya gaya masa babu wuri. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar shiga ya baza hannuwa.

"Wallahi babu mai wucewa! Ko mu tafi duka, ko mu kwana duka!"

Mutane suka ɗauka. Ya hango matar tana raɓawa ta gefen bango, ya damƙo hannun rigarta ya jawo ta tsakiya.

"Ku dubi baiwar Allah nan! Ƙoda za ta ba ƙaninta, rai ne a hannunta, amma 'yan iskan nan sun ce babu wuri!"

Ta buɗe baki. Na ga hannunta ya matse jakar da katin ke ciki, ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, ta rufe bakin. Ni ma na mayar da idona kan kwamfuta. Muryata ko a aji ba ta kai wa layin baya.

A nan Kawu ya fito daga ofis da oba-oba a hannu, wayar da yake magana da matuƙan jirgi da ita, yana murmushin da yake wa manyan baƙi.

"Jama'a, a yi haƙuri, matsalar na'ura ce..."

"Na'urar gidanku!" in ji dogon. "Makon jiya ma na'ura ce? Ubanwa ka mayar sakarai?"

"Malam, ka gyara harshenka."

Marin da dogon ya sauke masa ya yi ƙara har na ji shi a haƙorina. Tabaran Kawu suka yi tsalle suka faɗi, wani ya take su. Kafin ya ɗago, wani saurayi mai jakar goyo ya ciro ɗaya daga cikin sandunan ƙarfen da muke tare layi da su, ya sauke masa a kafaɗa. Kawu ya durƙusa. Suka rufe shi. Ban ƙara ganinsa ba, sai bayan mutane da ƙafafu suna ɗagawa suna sauka, da wani sauti kamar ana bugun katifa.

Rediyo ya tsallake kantar don ya jawo Kawu. Wani tsoho, mai furfura fes, wanda ɗazu ya ce mini "sannu da aiki, 'yata", ya ɗaga akwatinsa ya maka masa a baki. Rediyo ya zauna daɓas a kan sikeli, jini na bin yatsunsa, yana kallon haƙorinsa a tafin hannu.

"Kawu!" Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. A wurin aiki Yallaɓai nake ce masa.

Wata mata mai jan baki ta juyo. "Au, kawunki ne? Ashe dangin ɓarayi ne!" Ta miƙo hannu ta saman kantar ta cafki gashina ta buga goshina da allon kwamfuta. Na ga wuta. Na zame ƙasa na shige ƙarƙashin kantar, cikin wayoyi da ƙura, na rungume gwiwoyina. Wani ya jefa tukunyar kashe gobara, babban gilashin da ke kallon filin ya tsage ya zubo kamar ruwan ƙanƙara. Wani yaro na ta tsala ihu yana kiran uwarsa.

Ta ƙasan kantar nake hango mai ƙodar. Sau biyu ta yunƙura wajen ƙofar, sau biyu turereniya ta dawo da ita. A na biyun aka bankaɗe ta, jakar ta zuge, kayanta suka watse: silifas, buroshi, rigar barci a ninke. Tana rarrafe tana tattarawa aka taka mata yatsu. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa su a baki.

Sai 'yan sanda suka shigo. Ba su tambayi kowa komai ba. Kulki ya hau kan mai laifi da mai kallo, suka harba barkonon tsohuwa a cikin rufaffen ɗaki, sannan suka jawo ƙofar ƙarfe suka rufe hanyar shiga, suka sa kwaɗo. Ido ya kama wuta, kowa na tari yana laluben hanya.

Oba-oban Kawu na yashe kusa da ƙafata. Muryar matuƙin jirgi ta fito daga ciki, a natse: lokacinsa ya cika, ba zai jira ba, zai tashi da waɗanda suka riga suka shiga.

Na rarrafo na fito da oba-oban a hannu, na kama rigar wani ɗan sanda.

"Yallaɓai, mutum ɗaya ce, tana da kati, asibiti za ta..."

"Ke, matsa ko in haɗa da ke!"

Na danna oba-oban na yi magana, tari ya sarƙe ni, ban san ko an ji ba. Ta wagegen gilashin muka ga jirgin ya juya hanci. Ko rabinsa bai cika ba, tagoginsa na baya duk fayau.

An jingina Kawu da bango, rigarsa a yage, ido ɗaya a rufe, kunnensa na ɗiga. Shi ma jirgin yake bi da ɗayan idon.

Matar ta zo bakin kantar tana tari, yatsunta sun kumbura. Ta ciro katin ta ajiye a gabana, ta daidaita shi da gefen kantar.

"Anti," na ce.

Aka zo wucewa da dogon, ankwa a hannu, jini ya rufe masa gira. Ya turje da ya gan ta.

"Baiwar Allah, ki gaya musu! Don ke muka yi! Ki gaya musu mana!"

Ta dube shi sosai. Sannan ta rungumi jakarta da ta ƙi rufuwa, ta bi ta kan fasassun gilasai a hankali, ta fita.