Ranar da Na Ce wa Baba Albarka

Tun daga tashar Idu ta Abuja nake murmushi ni kaɗai a jirgin ƙasa, har matar da ke gefena ta janye jakarta zuwa ɗaya ɓangaren. Ban ga laifinta ba. Aikina shi ne koya wa masu sayar da kaya yadda ake ciniki, kuma kamfaninmu na fankoki masu sola ya yawata da ni Minna, Jos, Gombe, har Yola, inda na yi ta yabon fanka zufa na ɗiga daga haɓata. Amma ba a taɓa turo ni Kaduna ba sai wannan karon. Zan riƙe makirfo a garin da aka haife ni, a wani otal a Unguwar Sarki, ga sunana a ƙofar zaure da manyan baƙaƙe. Da muka iso tashar Rigasa a Kaduna, mai keke-napep ma sai da na yi masa nasiha a kan yadda ake tarbar fasinja, bawan Allah yana ta cewa to.

Abu ɗaya ne ke rage mini zaƙin tafiyar. Babana, Alhaji Maliki, mai shagon kayan wuta a Kinkinau, bai taɓa yarda cewa abin da nake yi aiki ba ne. Ba a gabana yake faɗa ba. Ni ne ɗan fari, shi kuma irin mutanen da ne masu alkunya: ba ya kiran sunana, ba ya zama hira da ni, in yana da magana sai ta biyo ta wajen Umma. Ta bakinta na ji ya tambaya, wai yanzu ciniki ma sai an tara mutane a ɗaki mai sanyi an koya musu? Wai to wa ya koya wa mai ƙosai? Na yi dariya da na ji, amma maganar ta dame ni. So nake mutumin nan ya ga aikina sau ɗaya ya yarda aiki ne, kuma ba na jin na taɓa son wani abu kamar wannan.

Da safe zauren ya cika da wakilan kamfani da masu shaguna. Hajiya Rashida, manajar shiyyarmu, ta zauna a gaba da tabarau a kan hanci. Ni kuwa ranar bakina ya buɗe. Na ce musu kada wanda ya fara da yabon kaya, a fara da tambayar mai saye abin da ke damunsa. Na ce babbar cutarku ita ce tsoro: da mutum ya taya ƙasa ya ɗaure fuska, sai ku karya farashi kuna rawar jiki. To me ya hana ku cewa albarka? Kalmar nan ba kora ba ce. Ka ƙi tayin, ka kuma sa wa mutum albarka a numfashi ɗaya, ya san ƙofa a buɗe take. Na juya wajen shugabannin wakilai na ce, ku kuma kada ku sa yaranku abin da ba za ku iya yi a gabansu ba, don ba bakinku suke bi ba, hannunku suke kallo. Aka tafa. Na ji kaina ya ƙara girma, har na fara takawa a dandamali ina kaɗa hannu.

Cikin wannan ɗaukin ne na ce a ba ni mai saye mafi taurin kai a zauren, ya fito in nuna musu a aikace.

Wani hannu ya ɗago daga can baya. Mai hannun ya miƙe a hankali, ya gyara babbar riga. Na san hular. Na san tafiyar. A kujerar da ke kusa da tasa, ƙanwata Nafisat ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta na rawa, nan take na gane wadda ta sa sunan shagon Baba a cikin waɗanda aka gayyata.

Baba ya hau dandamali bai dube ni ba. Ya ɗauki fankar gwaji, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya kunna, ya kashe. Ban da Nafisat, babu wanda ya san ko wane ne shi a wurina.

"Mai kaya, nawa?" Fankar yake kallo da ya yi tambayar.

Na faɗi farashi. Ya taya rabi, ya harɗe hannuwa a baya.

A rayuwata ban taɓa ce wa Baba a'a ba. In ya ce tashi, kafin ya rufe baki na tashi. Yanzu in na sallama masa, duk abin da na faɗa tun safe ya zama iska, kuma shi zai koma gida ya ce wa Umma dama ya faɗa. In kuma na ƙi, na ƙi maganar ubana a gaban jama'a. Hajiya Rashida ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Albarka, Alhaji," na ce. Muryar da ta fito ta yi siriri, kamar ba tawa ba.

Girarsa ɗaya ta ɗaga. Ya ƙara ɗan abu kaɗan a kan tayin.

"Albarka."

Abin mamaki, na biyun ya fi sauƙin fita. Wata irin dariya ma ta fara taso mini daga ciki, na danne ta da ƙyar. Baba ya ajiye fankar ya juya kamar zai tafi, irin juyawar da na sha gani tun ina yaro in ya je sari, wadda ba tafiya ba ce. Sai na tuna da darasina.

"Alhaji, kafin ka wuce, in yi tambaya. A gidanka, in an ɗauke wuta, wa zafi ya fi damu?"

Na san amsar, ya kuma san na sani. Umma ce, wadda da bazara take kwana tana fifita da murfin kwali tana yi wa masu wuta addu'o'in da ba na shiriya ba. Baba ya tsaya. Kunnensa ya motsa.

"Mai kaya, ai ka shigo mini gida."

Zauren ya fashe da dariya. Na ce, "Gidan ne zai sha iskar, Alhaji. In an caja ta da rana, har asuba ba ta tsayawa, kuma ba ta yin ƙara. Mai baccin ba za ta ma san tana aiki ba."

"Wa ya ce maka mace ce?"

"Hasashe ne, ranka ya daɗe."

Nafisat ta zame daga kujera don dariya. Baba ya sake duban fankar, ya ce, "To, kawo." A farashin da na faɗa, ko gyara bai nema ba. Aka tashi tsaye ana tafi. Shi kuwa ya naɗe wayar fankar, ya rungume ta a hammata ya sauka. Ita kaɗai ce ta gwaji da na taho da ita daga Abuja, amma wa zai tare shi?

Da aka ba da hutun salla, Hajiya Rashida ta bi shi baranda. Ni ina bayan labulen ƙofa da gorar ruwa a hannu, na kasa fita, na kasa komawa.

"Alhaji, yau ka wahalar mana da malami," ta ce tana dariya. "Ko dai ka san shi ne?"

Baba ya dubi bango. "Na ɗan san shi."

Ya gyara riƙon fankar, ya yi gyaran murya. "Hajiya, in gobe yana da sarari, ku ara mini shi zuwa shago. Ina da masu jiran kanti da ko tari mai saye ya yi sai su rage kuɗi. Ya zo ya koya musu. Ya san aikinsa."

Na lallaɓa na shige banɗaki na kulle ƙofa. Na yi tsalle, na yi rawa ba kiɗa da kwat a jikina, na sara wa madubi. Daga nan ban san yadda aka yi ba sai ga ni a tsugune ina kuka, hannu a baki don kada a ji. Sai da Hajiya Rashida ta aiko aka ƙwanƙwasa mini kafin na wanke fuska na fito.