Benen Alhaji Attahiru da iskar gabas

Shekara talatin ina gini tsakanin Bodinga da Shagari, ban taɓa jin an ce bangon Arzika ya faɗi ba. Shi ya sa da Alhaji Attahiru mai albasa ya ba ni aikin bene hawa uku a bakin kasuwa, ban tsaya shawara da kowa ba.

Filin a lanƙwashe yake kamar gwiwar hannu, haka ginin ya bi shi. Gajeren ɓangaren na cika shi da bango da matakala. Dogon, mai fuskantar gabas, na tsayar da shi kan ginshiƙai, don Alhaji yana son shaguna a buɗe a ƙasa. Da muka gama, ya sa aka jibge buhun albasa ɗari biyu a sama har mako guda. Gini ko gezau. Aka sa ranar tarewar iyalinsa, Juma'a mai zuwa.

Sai ga 'yarsa Bahijja, wadda ta karanta aikin injiniya, ta zo hutu. Ta zagaya ginin sau biyu, ta tsaya a kwanar ciki inda ɓangarorin suka haɗu, tana kallon wata 'yar tsaga.

"Baba Arzika, buhu ƙasa yake dannawa. Iska kuwa daga gefe take turowa. Kun gwada wannan?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da aka yi sunanta a gabana!

"Ɗiyata, wagga tsaga ta hulasta ce. Tun ba a haihe ki ba nike aza bulo."

Ba ta yi musu ba. Ta kama ƙyauren wani shago ta tura shi da yatsa ɗaya, ya juya.

"Can wajen matakala ginin a kafe yake, nan kuwa a sake. In iska ta bugi dogon ɓangaren, haka zai nemi juyawa. Kwanar nan ce za ta sha wuya."

Ta tsinke karan dawa siriri ta cusa a tsagar, ta yi mini sallama.

Ranar Laraba bayan la'asar hadarin farko ya haɗo daga gabas. 'Yan kasuwa suna ta kwashe kaya, ni kuwa na tafi kwanar, niyyata in ƙaryata Bahijja. Na ɗora tafin hannu a bango. Da iska ta bugo, na ji bangon ya motsa. Tsagar ta buɗe, ta rufe, karan ya murƙushe a kan idona. Na tuna ɗakin da ke bisa kaina shi aka ware wa yara.

A jiƙe na sami Alhaji a rumfarsa, cikin mutane.

"Alhaji, kar ka hau da iyalinka. Hawa na ukku sai an sauke shi, a ɗaure hawan ƙasa da bango."

"Mi kac ce? Arzika, kai da kag gina shi?"

"Ni da nig gina shi."

Kafin magariba labari ya kai har garin Danchadi.

Da hannuna na sauke hawan, bulo bayan bulo, kwana goma sha ɗaya, Bahijja tana nuna inda za a ƙara bango. Iyalin Alhaji suna ciki yanzu, damina uku ke nan lafiya lau. Ni kuwa tun daga ranar babu wanda ya sake ba ni bene. Katanga nake yi, da ɗakin ajiyar albasa.