Dariyar da Makirufo Ya Hana

Tun kafin a haifi daraktan fim ɗinsa, Baba Tela yake fitowa a matsayin tela a wani wasan kwaikwayo, har sunan ya bi shi gida. A kan dandamali ya koyi ƙa'idar da magabata suka bari: idan ka saki magana mai ban dariya, sai ka dakata, ka ba jama'a sarari su dara, sannan ka ci gaba.

Da aka tashi mayar da wasan fim, aka cika shagon ɗinki da fitilu da wayoyi, aka datse doguwar huɗubarsa kan lalacewar zaren zamani ta koma jimla biyu. Wannan ya haƙura. Shirun da ke biyo bayan barkwancinsa ne ya gagare shi.

Ya ɗaga wandon da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya dubi mai kayan ya ce, "Ɗinkina daidai yake, ranka ya daɗe. Ƙafafunka ne ba sa shiri da juna." Ya dakata. Ko tari ba a yi ba.

"Yanke," in ji darakta. "Baba, me kake jira?"

"Dariya, ɗana. Haka muka gada."

"Masu dariyar suna gidajensu, sai fim ya fito. Kuma a rage murya, makirufo na bisa kanka, mai sauti ya ce kunnensa ɗaya ya tafi hutu. In dakatawar nan ba ta bari ba, Baba, dole in ba wani telancin."

Dattijon ya dubi wandon da ke hannunsa. Ashe maganar da ta sha kwantar da zaure guda ta mutu a bakinsa bai sani ba?

Aka sake. Ya faɗe ta a hankali, bai dakata ba, sai dai ya ɗage gira guda, abin da na layin baya ba su taɓa gani ba a dandamali, kyamara kuwa ta kama shi sarai. Nan ya lura mai kyamara ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa, ga kyamarar a kan kafaɗa. Mai sauti ya durƙushe, hawaye na zuba. Mai kwalliya ta ruga waje riƙe da ciki. Darakta ya buɗe baki zai ce a yanke, dariya ta riga kalmar fita, shago ya kece gaba ɗaya.

"Tun safe muke haɗiye ta, Baba," in ji mai kyamara yana haki. "In muka dara, makirufo zai kwashe."

Da darakta ya duba abin da aka ɗauka, hoton sai tsalle yake yi.

"Telancin naka ne, Baba, amma wannan ya lalace. Sai an sake."

Baba Tela ya gyara tef ɗin awon da ke wuyansa cikin ƙasaita.

"A sake. Amma a ɗora kyamarar nan kan abin da ba shi da haƙarƙari."