Mazaunin Asibiti

Takardar faks ɗin na fitowa daga na'ura, Alhaji Isufu ya fizge ta tun da ɗuminta. Daga ofishin fansho na gida take: duk wanda bai zo tantancewa da ƙafarsa ba ran Litinin, za a soke sunansa. An ware mazauna asibiti da gidan yari kawai, su ma sai sun yi kwana talatin a ciki.

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin ya yi yana aikin gwamnati kafin ya fara sarin tufafi a kasuwar Shahe, can ƙasar waje, kuma fanshon nan ko matarsa Radiyya ba ta taɓa ganin kalarsa ba.

Salihu, mai yi masa dakon kaya zuwa Kano, ya karanta ya yi dariya.

"Alhaji, ai kai mazaunin asibiti ne. Ina kake kwana?"

Gaskiya ne. Saboda tsabar maƙo, Alhaji ya ƙi otal-otal ɗin unguwar Dengfeng, ya kama ɗaki a masaukin da wani asibiti ya gina wa 'yan jinya. Watansa biyu a can, lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci kamar gara.

Suka tafi wajen matar da ke kula da masaukin neman takardar shaida.

"Meyo," in ji ta, wato babu.

Alhaji ya dafe ƙugu, ya yi tari, ya kira ta "lawban", wato shugaba, har sau uku. Da ta gaji, ta buga masa jan hatimin asibitin a kan shaidar kwana sittin. Ya aika, ya taka matakala bibbiyu ya koma ɗaki.

Ran Laraba aka kira shi shagon waya. Radiyya ce, muryarta fes.

"Alhaji, ya jiki? An ce kana kwance."

"Da sauƙi. Sun soke ni?"

"Ina! Sun karɓa. Sai dai sun ce mazaunin asibiti ba ya karɓa da kansa, iyalinsa ake ba. Jiya na sa hannu. Ashe haka abin yake da auki?"

Gumi ya karyo wa Alhaji.

"To, ai na warke!"

"Sun ce sai likitan da ya kwantar da kai ya rubuto sallama."

Duk asibitin nan Alhaji bai san kowa ba sai mai gadi.

"Ka bi jikin a hankali," in ji Radiyya. "Kada ka yi gaggawa."