Ƙeyar Genpei

Tun safe muke ta maimaita fitowa ɗaya ta fim a wani tsohon gidan wanka da ke unguwar Asakusa, har shinkafar da aka kawo mana ta sandare a akwatunanta. Ni ce mai kwalliya, kuma na gaji da shafa wa Genpei hoda a sanƙo. Magana ɗaya tak ake so tsohon ya faɗa: "Ruwan ya huce, mu tafi gida." Da an kunna kyamara sai ya buɗe baki, ya tsaya yana kallon bango.

Darakta Kuroiwa Tatsuzo na zaune a kujerarsa, ido a rufe. Yanzu har ƙasashen waje ake kiransa a karrama shi saboda finafinansa na masu ɗaure fuska, amma ni na san shi tun yana Tatsu ɗan barkwanci. Su biyu suke hawa dandamali, shi da Genpei. Genpei ya yi wauta, Tatsu ya talle masa ƙeya, jama'a su fashe da dariya, Genpei ya ɗora da wata wautar. Tallen ma gwaninta ce, da kan yatsu ake yi, ƙara ta cika ɗaki amma babu zafi. Da ɗaukaka ta zo, Tatsu kaɗai ta ɗauka. Genpei ya ci gaba da zagaya bukukuwan ƙauye har kansa ya fara zubar da abubuwa, yau suna, gobe hanyar gida.

Shiraishi, matar da ke riƙe da ragamar fim ɗin, ta matso kusa da darakta.

"Darakta, rana fa na tafiya. Akwai wani tsoho a mota yana jira, ya haddace tsaf."

"Mai tallan maganin basir ɗin nan?"

"Shi. Ko ba komai yana tuna sunan maganin. A ƙara gwada Genpei sau ɗaya, in bai yiwu ba sai haƙuri."

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinta ba. Kowa ya san wannan ce fitowar Genpei ta ƙarshe a duniya, in aka cire shi yau babu mai sake kiransa. Tatsu ya yi faɗa da kamfani kafin a yarda a saka shi, wai kada a ce ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Ya ce a bar kyamara tana aiki, ya zagaya ya tsaya bayan Genpei ta hannun dama, inda ya saba tsayawa.

"Kai, Gen. Me kake kallo a bangon, surukarka ce?"

Genpei bai motsa ba. Sai Tatsu ya ɗaga hannu ya talle masa ƙeya. Matasan da ke riƙe da fitilu suka sunkuyar da kai, don a zamaninsu ba a taɓa ɗan wasa. Ni abin da ya dame ni daban ne: ƙarar ba ta fita ba, tim kawai na ji, irin na hannun da ya yi nauyi.

Sabo turken wawa. Tatsu na janyewa daga gaban kyamara, kafaɗun Genpei suka miƙe. Ya dubi ruwan, ya ja numfashi.

"Ruwan ya huce," ya ce a hankali. "Mu tafi gida."

Babu wanda ya yi tari har aka ce a tsaya. Shiraishi ta fita waje ta sallami mai jira a mota.

A al'adarmu, ɗan wasa in ya gama fitowarsa ta ƙarshe, darakta ne ke miƙa masa furanni da hannunsa, kowa ya tafa. Aka kawo, Tatsu ya karɓa. Tausayinsu ya kama ni su biyun.

"Sannu da aiki, wawan banza," ya ce, ya miƙa masa.

Genpei ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna sosai kamar yadda ake yi wa baƙo. Sannan ya shafa ƙeyarsa, wadda ta yi ja har ta cikin hoda.

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma kada ka ji haushi, ba haka ake yi ba, ka ji mini ciwo. Ka nemi abokina Tatsu ya koya maka. Shi bai taɓa ji mini ciwo ba."

Tatsu ya rusuna shi ma, ya daɗe bai ɗago ba.

"Zan neme shi," ya ce.